Darasi: Haɗarin Tiyata da Matsalolin da Kan Biyo Bayanta

Tiyata ita ce aikin da likita ke yi da wuƙa da almakashi da allura da zare, ya buɗe jikin mutum don ya cire abin da ya lalace, ko ya gyara abin da ya goce daga mazauninsa, ko ya ciro jaririn da ya kasa fitowa. A bakin jama'a “aiki” kawai ake cewa: an yi wa wance aiki, gobe za a shiga da wane aiki. Cikin ayyukan da aka saba gani a asibitocin ƙasar Hausa akwai ciro jariri, gyaran ƙaba da gwaiwa, cire afendis, ɗinke hanjin da taifot ya huda, cire yanar ido, cire maƙoƙo, da haɗa ƙashi bayan haɗarin mota ko babur.

Kowace tiyata rauni ce da aka yi da gangan domin a kawar da cutar da ta fi raunin muni. Tunda kuwa rauni ce, ba ta rasa haɗari, komai ƙwarewar likita, komai ƙanƙantar aikin. Sai dai zafin wurin da aka yanka, da ɗan kumburi, da kasala, da rashin son abinci na kwana ɗaya ko biyu, ba su ne matsala ba; kowa yana gamuwa da su, kuma suna wucewa. Matsala ita ce abin da ba a so ya faru ba, ko da an san yana iya faruwa, kamar jini ya ƙi tsayawa ko rauni ya yi mugunya, kuma tana iya aukuwa a hannun likitan da ya yi komai daidai. Sakaci daban ne: shi ne a bar abin da ya wajaba a yi, kamar a ɗinke mutum da auduga a cikinsa. Rashin rarrabe waɗannan ne ke sa wasu dangi su tayar da rigima a kan abin da ba laifin kowa ba, wasu kuma su yi shiru a kan abin da ya kamata a bi bahasinsa.

An daɗe ana yin tiyata a duniya. Abul Ƙasim al-Zahrawi, likitan Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya keɓe kashi na ƙarshe na littafinsa al-Tasrif ga aikin fiɗa, har da zanen kayan aikin. Amma har cikin ƙarni na 19 abubuwa uku ne suka tsare wa likitoci hanya: azabar yanka, zubar jini, da ruɓewar rauni. A 1846 aka nuna a birnin Boston na Amurka cewa ana iya shaƙa wa mutum magani ya yi barci a yi masa aiki bai ji ba. A 1867 Joseph Lister ya bayyana yadda tsabtace rauni da kayan aiki da maganin kashe ƙwayoyin cuta ya rage mace-mace a asibitin da yake aiki a Glasgow. A 1901 Karl Landsteiner ya bayyana cewa jinin mutane rukuni-rukuni ne, abin da ya buɗe hanyar ƙarin jini ba tare da an kashe wanda aka ƙara wa ba. An rage ƙarfin waɗannan abubuwa uku ƙwarai, amma ba a kawar da su ba, kuma har yau yawancin matsalolin tiyata daga gare su suke tasowa.

Lokacin da haɗarin ya fi yawa

Hankalin dangi ya fi tashi a sa'o'in da aka shiga da mara lafiya. Da an turo shi waje yana numfashi sai a yi hamdala, a fara kiran waya ana cewa an fito lafiya. Alƙaluma sun nuna cewa tsoron ya sauka tun lokacin saukarsa bai yi ba. A 2018 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon wani bincike da aka gudanar a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya, inda aka bi diddigin manya 11,422 da aka yi wa aiki. Kimanin kashi 18 cikin 100 sun sami wata matsala, mutum 239 kuma sun rasu, wato wajen biyu cikin kowane ɗari. Daga cikin waɗannan 239, mutum 225 ba a ranar aikin suka rasu ba, a kwanakin da suka biyo baya ne. Marasa lafiyar kuma sun fi takwarorinsu na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin cututtuka, duk da haka haɗarin mutuwarsu ya ninka na matsakaicin duniya sau biyu.

Masu binciken sun danganta wannan da ƙarancin ma'aikata da kayan lura da mara lafiya bayan aiki. Inda nas ɗaya ke kula da gadaje masu yawa cikin dare, mutum yana iya fara zubar jini ta ciki tun tsakar dare ba a farga ba sai asuba. Wannan ya sa mai jinya, wato ɗan'uwan da ke kwana a gefen gado, yake da matsayi babba. Ba shi zai yi magani ba, amma sau da yawa idonsa ne na farko da zai ga sauyi.

Jikin da aka shiga da shi

Aiki iri ɗaya ba haɗari ɗaya yake da shi ga kowa ba. Tsoho ya fi matashi shiga haɗari. Mai ciwon suga rauninsa kan yi jinkirin warkewa kuma ya fi saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta. Mai hawan jini da mai ciwon zuciya jikinsu bai cika jure girgizar aiki ba. Mai ƙarancin jini ba shi da rarar da zai zubar, ƙarancin jini kuwa ruwan dare ne a tsakanin mata masu ciki da yaran da zazzaɓin cizon sauro ya ci ƙarfinsu. Mai sikila yana buƙatar shiri na musamman, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da ƙarancin iskar oksijin duk suna iya tayar masa da ciwon. Mai shan taba huhunsa ya fi saurin cushewa bayan allurar barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa barin taba na mako huɗu ko fiye kafin aiki yana rage matsaloli.

Saboda haka ake yin awo da gwaje-gwaje kafin ranar aiki, kuma ake yin tambayoyin da wasu ke gani kamar bin ƙwaƙƙwafi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ke shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, ya ɓoye, jininsa zai yi wahalar tsayawa. Wanda ya saba da tiramadol ko kodin ko giya, ya ji kunyar faɗa, ya bar mai allurar barci cikin duhu game da adadin maganin da jikinsa zai karɓa. Haka jiƙe-jiƙe da tsimi da sauran magungunan gargajiya: likita bai san abin da ke cikinsu ba, amma idan aka gaya masa zai iya cewa a dakata da su, ya kuma duba lafiyar hanta da ƙoda. Duk maganin da ya taɓa sa wa mutum ƙaiƙayi ko kumburin fuska ko toshewar numfashi, wajibi ne a ambace shi.

Babu abin da ke ƙara haɗari kamar jinkiri. Ƙabar da aka gyara a natse, a ranar da aka tsara, ƙaramin aiki ce, wani ma a ranar ake sallamarsa. Ƙabar nan ɗin idan ta shaƙe hanji, aka kwana biyu ana jiƙa saiwa ana jiran ta koma, hanjin yakan mutu, sai an yanke wani sashe an haɗa. Yaron da taifot ya huda wa hanji, kowace sa'a ƙazanta ce ke malala a cikin cikinsa. Macen da ta kwana biyu tana naƙuda a gida takan iso asibiti a galabaice, wataƙila jaririn ya riga ya mutu, wataƙila mahaifa ta fashe. Idan ta rayu kuma tana iya tashi da yoyon fitsari, domin kan jaririn ya daɗe yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu. Yawancin matan da ke zuwa neman gyara a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina doguwar naƙuda ce ta kai su. Idan irin waɗannan marasa lafiya suka rasu bayan aiki, sai a ce wuƙa ce ta kashe su, labarin ya bazu, na gaba ya ƙara jin tsoro, ya ƙara jinkiri. Ƙin yin tiyata ma yana da nasa haɗarin, kuma a ciwon gaggawa yawanci ya fi na yin ta.

Wurin da aka yi aikin shi ma abin dubawa ne. Ɗakin da ba wuta tsayayya, ba iskar oksijin, ba jini a ajiye, ba wanda ya koyi aikin sa barci, ba wurin buɗe cikin mutum ba ne, ko da an rataya allo a ƙofa an rubuta asibiti. Yankan da ake yi a gida, kamar cire beli da yankan gishiri da kaciya da askar da ba a dafa ba, shi ma tiyata ce ba tare da kariyarta ba: yana jawo zubar jini da cutar sarƙe-haƙora da ciwon hanta, yankan gishiri kuma yana iya huda mafitsara.

Allurar barci da allurar baya

Kashe zafi iri-iri ne. Akwai allurar da ke kashe wurin da za a yanka kaɗai, akwai allurar baya wadda ke kashe jiki daga ciki zuwa ƙafafu mutum yana farke, ita aka fi amfani da ita wajen ciro jariri, akwai kuma wadda ke sa barci gaba ɗaya. Abin da mutane suka fi tsoro shi ne a yi barcin ba a farka ba. A hannun ƙwararre mai kayan aiki wannan abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Abin da aka fi gani shi ne tashin zuciya da amai, da kaushin maƙogwaro saboda bututun numfashi, da rawar sanyi, da ruɗewa na ɗan lokaci musamman ga tsofaffi. Allurar baya takan saukar da ƙarfin bugun jini a lokacin aiki, wasu kuma ta bar musu ciwon kai mai tsananta idan sun zauna, ya lafa idan sun kwanta, wanda yawanci yakan wuce cikin 'yan kwanaki.

Hana cin abinci kafin aiki yana da dalili mai nauyi. Mutumin da aka sa barci ba ya iya tari ko haɗiya yadda ya saba, don haka abin da ke cikin tumbinsa yana iya tasowa ya faɗa huhu, ya ƙona shi. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce awa 6 ba abinci, awa 2 ba ruwa, wasu asibitoci kuma sukan ce kada a ci komai tun daga tsakar dare. Koko da kunu da madara duk abinci ne a wannan lissafi. Uwar da ta ji tausayin ɗanta ta ba shi koko a ɓoye da asuba ta jefa shi cikin haɗarin da ba ta sani ba. Idan an riga an ci, gara a faɗa a ɗaga aikin.

Jini

Babban mutum yana da jini kimanin lita biyar. Kowane aiki yana zubar da wani abu daga ciki, likita kuma yana ɗaure jijiyoyi ko ya ƙona bakinsu kafin ya rufe. Wani lokaci ɗaurin kan kwance, ko mahaifa ta ƙi tsukewa bayan an ciro jariri, jini ya ci gaba da zuba. Wanda ya fito waje ana ganinsa a bandeji ko a zane. Wanda ya fi haɗari shi ne na ciki, wanda ba a gani sai dai alamunsa: tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari, jiki ya yi sanyi da gumi, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ga ƙishirwa, ga jiri, ciki yana ɗagawa, mutum ya kasa natsuwa ko ya riƙa lumshewa. Wannan ba abin jiran zagayen likita na safe ba ne.

Shi ya sa ake cewa dangi su tanadi ledar jini ɗaya ko biyu kafin babban aiki. Ƙarin jini yana ceton rai, amma sai an gwada rukuninsa ya dace, an kuma tantance shi daga ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C. Idan ana cikin ƙari mutum ya fara rawar ɗari ko ƙaiƙayi ko ciwon baya ko numfashi sama-sama, a kira nas nan take.

Akwai kuma kishiyar zubar jini, wato daskarewarsa. Wanda ya daɗe kwance ba motsi, jini kan yi guda a jijiyar ƙafarsa, sha-raɓa ta kumbura ta yi zafi, yawanci a ƙafa ɗaya. Idan gudan ya ɓalle ya tafi huhu, numfashi yakan ɗauke farat ɗaya, yana kuma iya kisa. Wannan ne dalilin da ya sa ma'aikata ke matsa wa mara lafiya ya tashi ya taka tun washegari, ko da yana jin zafi. Dangi kan ga kamar rashin tausayi ne. Tashin kuwa yana hana daskarewar jini, yana buɗe huhu ya kare shi daga ciwon nimoniya, yana kuma tayar da hanji ya koma aiki.

Ƙwayoyin cuta

Fata ita ce katangar jiki, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A binciken Afirka da aka ambata, kamuwa da ƙwayoyin cuta ita ce matsalar da ta fi kowace yawa, ta sami kusan mutum ɗaya cikin goma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a Afirka matan da rauninsu ke kamuwa bayan ciro jariri suna iya kai ɗaya cikin biyar. Alamun ba sa fitowa a ranar farko. Yawanci sai bayan wasu kwanaki, sau da yawa an riga an koma gida, sannan zafin da ya fara raguwa ya dawo, bakin raunin ya kumbura ya ɗau zafi, ruwa ko mugunya mai wari ta fara fita, zazzaɓi ya biyo. Idan aka zo da wuri, buɗe ɗinki ɗaya ko biyu da wanke wurin da magani kan wadatar. Idan aka bari, ɗinkin yana iya warwarewa, ko ƙwayoyin su shiga jini su taɓa ƙoda da huhu da ƙwaƙwalwa.

A nan al'adun gida suna da tasiri. Barbaɗa garin magani ko toka a kan rauni, ko fasa kafso a zuba a kai, ko shafa mai, duk hanyar shigar ƙazanta ce. Mai jegon da aka yi wa aiki ba a fyaɗa mata tafasasshen ruwa da ganye a kan ɗinki, ba a kuma danna mata ciki. Yadda za ta yi wanka, asibiti ne zai faɗa. Sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis a sha kwana biyu a bari yana koya wa ƙwayoyin jure magani ne kawai. Robar fitsari da allurar ƙarin ruwa su ma ƙofofi ne, shi ya sa ake cire su da zarar buƙatarsu ta ƙare. Cincirindon 'yan dubiya a bakin gado, kowa yana son ya ɗaga zane ya ga wurin, zumunci ne mai cutarwa. Wanda zai taɓa mara lafiya ya fara wanke hannu da sabulu.

Abin da wuƙa ke iya taɓawa

Kayan ciki a cunkushe suke, wani manne da wani. Wajen ciro jariri ko cire mahaifa ana iya taɓa mafitsara ko bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda. Wajen cire maƙoƙo ana iya taɓa jijiyar murya, murya ta dishe na wani lokaci, a wasu kuma ta zauna haka. Inda aka haɗa hanji, haɗin yana iya yoyo. Irin wannan ya fi aukuwa a cikin da aka taɓa buɗewa, domin tabon ciki yakan manne kayan ciki da juna.

Kuskure tsantsa, kamar yin aiki a ɓangaren da ba shi ba ko mantuwar kayan aiki a ciki, an samar masa da rigakafi mai sauƙi. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar tambayoyi 19 da ma'aikata za su bi da baki kafin a sa barci, kafin a yanka, da kafin a fita da mara lafiya: sunansa, aikin da za a yi, wane ɓangare, ko an tanadi jini, ko auduga da allurai sun cika a ƙidaya. Da aka gwada ta a asibitoci takwas na ƙasashe daban-daban, ɗaya a Tanzaniya, mace-mace sun sauka daga 1.5 zuwa 0.8 cikin 100, matsaloli kuma daga 11 zuwa 7 cikin 100. Don haka idan an tambayi mara lafiya sunansa da inda ke masa ciwo har sau uku, ba mantuwa ba ce.

Sa hannu

Takardar da ake sa wa hannu kafin aiki ana yi mata mummunar fahimta. Wasu na ɗaukarta a matsayin sallama rai, wasu na ganin wanke likita ce daga duk abin da zai faru. Ma'anarta ita ce an yi wa mutum bayani ya gane, ya kuma yarda. Ba ta halatta sakaci. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a Najeriya ta ɗora wa ma'aikacin lafiya nauyin sanar da mara lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da amfani da haɗarin kowace, da 'yancinsa na ƙi, a harshen da yake ji gwargwadon iko. Wanda bai iya karatu ba yana da haƙƙin a karanta masa a fassara kafin ya dangwala yatsa. Tawakkali bai hana tambaya ba: me za a yi, me zai faru idan ba a yi ba, wace matsala aka fi gani a irin wannan aiki, wa zai yi shi, kwana nawa za a yi kafin a koma sana'a.

Baligi mai hankali, namiji ko mace, shi ke da ikon yarda a kan jikinsa. A aikace kuwa a gidaje da yawa sai an jira maigida, ga shi ya tafi kasuwar ƙauye ko ci-rani, waya ba ta shiga, mace tana zubar jini. Gidan da ke da mai ciki ya kamata ya yanke wannan magana tun a watannin awo: an amince a yi aiki idan likita ya ce ya zama dole, ga wanda zai tsaya idan maigida ba ya nan, ga waɗanda za su ba da jini, ga abin hawa.

Bayan sallama

Sallama ba warkewa ba ce. Zazzaɓi, amai da ya ƙi tsayawa, kumburin ciki tare da rashin fitar tusa ko bayan gida, ƙarancin fitsari, jini ko mugunya daga rauni, kumburin ƙafa ɗaya, ciwon ƙirji ko wahalar numfashi, kowanne daga cikinsu dalili ne na komawa asibiti a ranar, ba sai ranar da aka rubuta ba, kuma gara asibitin da aka yi aikin idan da hali.

Wasu matsalolin sai bayan watanni ko shekaru suke bayyana. Fata takan haɗe cikin mako ɗaya ko biyu, amma naman da ke ƙarƙashinta yana ɗaukar makonni kafin ya yi ƙarfi. Wanda ya koma noma ko dako ko daka ko ɗibar ruwa da wuri yana iya samun ƙaba a kan tabon. Mannewar hanji tana iya toshe shi bayan shekaru. Tabon da ke tasowa ya yi tudu yana ƙaiƙayi ya fi yawa a baƙar fata, kuma yanke shi kawai yakan sa ya dawo ya fi da. Macen da aka ciro wa jariri tana ɗauke da tabo a mahaifa, wanda ke iya tsagewa a naƙuda ta gaba. Ana ba ta shawarar ta huta kamar shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin wani cikin, ta yi awo, kuma ta haihu a asibitin da ke iya yin tiyata cikin gaggawa. Da yawa suna haihuwa da kansu bayan aiki ɗaya, amma a gaban ma'aikata, ba a ɗaki ba. Takardar sallama, wadda ke ɗauke da sunan aikin da ranarsa da abin da aka tarar a ciki, ana adana ta tare da muhimman takardun gida, a riƙa tafiya da ita duk lokacin da za a ga likita, ko a wani gari ne, ko bayan shekara goma.